ZAUREN 'YAN MAKARANTA: Kafin Santambul, a Fara Hawa Dala

Ina fata jarrabawar ƙarshen zango ta zo da sauƙi. Waɗanda lissafi ya sha wa kai kuma, Allah Ya sa sakamakon ya fi yadda ake tsammani.

A makon jiya na ce kowa ya rubuto mini yadda yake so ya yi hutunsa. Saƙonni sun zo da dama, amma guda ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Wata ƙanwarmu ce 'yar SS 2 daga Roni ta ce tun da ta fara kallon finafinan Turkiyya da ake fassarawa da Hausa, ba ta da burin da ya wuce ta ga birnin Istanbul da idonta. Ta tambaye ni ta ina ake fara zagaya birnin, me ake ci a can, kuma wace shawara zan ba mai shirin zuwa.

Ƙanwata, burinki mai kyau ne, kada ki bari kowa ya yi miki dariya a kansa. Istanbul, wanda kakanninmu ke kira Santambul, birni ne da ya cancanci a gani. Rabinsa yana nahiyar Turai, rabinsa yana Asiya, ruwa ya ratsa tsakani. A cikinsa akwai ginin Aya Sofiya da aka kammala tun shekarar 537, wanda ya fara a matsayin coci, ya koma masallaci bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Alfatih ya ci birnin a 1453. Akwai fadar Topkapi da shi wannan sarki ya gina, akwai kuma babbar kasuwar nan mai rufi da aka fara ginawa 'yan shekaru kaɗan bayan cin birnin.

To amma ga abin da ban sani ba sai da na shiga jami'a. A daidai lokacin da Muhammadu Alfatih yake gina fada da kasuwa a Santambul, akwai wani takwaransa da ya hau gadon sarauta a nan kusa da mu, shi ma ya gina fada, ya kafa kasuwa, ya faɗaɗa ganuwar birninsa. Shi ne Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Alfatih ya rasu a 1481, ke nan sun yi shekara 18 suna mulki a zamani ɗaya. Fadar Rumfa tana nan, kasuwarsa tana ci har gobe, kuma daga Kazaure zuwa can bai wuce tafiyar awa biyu a mota ba. Ba a neman fasfo, ba a neman biza.

Saboda haka yau Kano za mu. Ni ban taɓa taka Turkiyya ba, amma Kano kam na zagaya ta da ƙafata, kuma sai da na sha kunya kafin na fara.

Kunyar da na sha

Kafin in shiga jami'a na je Kano ya fi sau ashirin. Na raka kakata asibiti, na bi Baba Kantin Kwari sayen kayan sallah, na kai waya gyara, na je rubuta jarrabawar JAMB. Da wani ya tambaye ni ko na san Kano, da na bugi ƙirji.

A shekarata ta farko aka haɗa ni ɗaki da wani yaro daga Ibadan. Wata Asabar ya ce mini ya karanta labarin Dutsen Dala a wani darasi da ake yi mana, tunda ni Bahaushe ne in kai shi ya gani. Girman kai ya hana ni in ce ban taɓa zuwa ba. Muka hau adaidaita sahu, na sa aka sauke mu a inda nake zaton kusa ne, muka faɗa cikin lunguna. Muna hango dutsen ta saman gidaje, amma duk lungun da muka bi sai ya ɓulle da mu wani wuri dabam. Mun fi rabin awa muna bulayi. Daga ƙarshe wani dattijo mai sayar da goro ya dube ni ya ce, "Samari, tun ɗazu nake ganin giftawarku. Ina za ku?" Da na faɗa masa sai ya yi murmushi, ya haɗa mu da wani yaro ya kai mu har gindin matakala.

Da muka hau, abokin nawa ne ya riƙa ba ni labarin Barbushe. Bayarabe yana koya wa ɗan 'Yankwashi tarihin Kano, ni kuwa sai gyaɗa kai nake yi. Tun daga ranar na ɗaura aniyar duk Asabar ɗin da ba ni da karatu zan je wuri ɗaya in gani. Abin da na tara ke nan zan juye muku, a tsare yadda za ku iya gamawa a yini ɗaya ku kwana a gida.

Hanya ma makaranta ce

Ku yi sammako. In an idar da sallar Asuba a kama hanya, domin rana ita ce babbar abokiyar gabar mai yawo a Kano. Mu na 'Yankwashi da Karkarna da Roni da Gwiwa, Kazaure za mu fito mu hau titin Daura zuwa Kano. Mutanen Ɓaɓura kuma suna da tasu hanyar.

Kada a yi barci a mota. In kun iso Dambatta ku tuna cewa Ɗantunku, wanda ya kafa masarautarmu wajen 1819, a nan ya fara zama, kuma ya gwabza da Sarkin Kano Ibrahim Dabo kafin ƙasar tamu ta tsaya da ƙafarta. Magajinsa Dambo ne ya mai da Kazaure mazaunin sarauta. Ku kuma tuna cewa har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, mu 'yan Jihar Kano ne. Iyayenmu da yawa takardun firamarensu sunan Kano ke jiki. Saboda haka ba baƙon wuri za ku ba.

Dab da shiga gari za ku ga kasuwar Dawanau, manyan motoci jere, buhuna tsibi-tsibi. Riɗi da zoɓo da wake da ake nomawa a gonakinmu da yawansu nan suke zuwa, daga nan kuma su wuce ƙasashen waje. Wanda ya taya babansa yankan riɗi bara, ya dubi wurin da kyau, ƙila guminsa ya bi ta nan.

Zango na farko: Dala

Ku fara da Dala tun rana ba ta ɗaga ba. An yi wa dutsen matakala, hawan ba wuya, sai dai numfashi. Na yi niyyar ƙirga matakalar har sau biyu, duk lissafin yana ɓace mini a tsakiya saboda haki. Wanda ya ƙirga daidai ya rubuto mana.

A nan Kano ta fara. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7, wato mutanen farko maƙera ne da mafarauta da manoma. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe, shugaban mutanen Dala, wanda yake kula da abin bautarsu mai suna Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda da ake lissafin ya fara sarauta a shekarar 999. Musulunci ya kafu a fada ne a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, lokacin da malaman Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali.

In kun kai sama ku zauna ku huta, sannan ku duba ko'ina. Ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga jirage suna sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Daga nan ne za ku gane bambancin cikin birni da waje: inda gidaje suka cushe, lunguna suka murɗe kamar hanjin kaza, nan ne tsohon gari. Ku nemi sawun ganuwa da ido. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, shi da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Za ku ga wani wuri tudun jar ƙasa ne ya rage, wani wuri kuma gidaje da shaguna sun haye kanta, ba ko alama.

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake matsa muku ku je yanzu. Ruwan sama yana cin ganuwar kowace damina, masu ɗibar ƙasa suna ci, masu gini suna ci. A cikin shekara biyun da na yi ina wucewa ta wani gefenta, da idona na ga ta ragu. Abin da kuka gani bana, ba lallai ne ƙannenku su tarar da shi ba.

Zango na biyu: Kurmi

Daga Dala ku hau adaidaita zuwa kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa a bakin rafin Jakara. Kada ku sa ran ganin manyan shaguna masu gilashi. Rumfuna ne ƙanana, hanyoyi matsattsu, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa. Amma kowace sana'a da layinta: masu sirdi da linzami da sauran kayan doki, dukawa masu jaka da takalmi da titimi, masu ƙwarya da ludayi, masu turaren wuta, masu huluna, masu tasoshin tagulla, masu littattafan addini da allo da tawada.

Shekaru ɗaruruwa ayarin raƙuma suna tasowa daga Tarabulus da Gadamas, su bi ta Agadas su sauke kaya a nan. Fatake kuma suna tafiya Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su kawo goro. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa ta bi ta Sahara har Turai, inda aka riƙa kiran ta da sunan Maroko saboda ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa gare su. Baturen Ingila Clapperton ya shiga kasuwar a 1824, Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, dukansu sun rubuta abin da suka gani, kuma Barth ya yi mamakin nisan da tufafin Kano ke kaiwa. Akwai kuma abin da bai kamata mu ɓoye ba: a wancan zamani har bayi ana sayarwa a kasuwar, mutane irinmu da aka kamo a yaƙi aka raba da iyayensu. In kun tsaya a wurin ku tuna da su ma.

Wani abin da zai ba ku sha'awa shi ne sunayen unguwannin da ke kewaye. Ku riƙa karanta allunan makarantu da na masallatai. Agadasawa mutanen Agadas ne suka zauna. Tudun Nufawa na Nufawa ne, Ayagi ta Yarabawa, Zangon Barebari na mutanen Barno. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan Arewacin Afirka ne, domin su aka fara kira Turawa a ƙasar Hausa. Soron Ɗinki da Dukawa da Lokon Maƙera sana'o'insu ne suka ba su suna. Abokina na Ibadan da ya ji labarin Ayagi, sai da ya sa muka je ya ɗauki hoto ya aika wa mahaifiyarsa.

In za ku sayi tsaraba, ku yi ciniki cikin ladabi. A fara da sallama da gaisuwa, a tambayi kuɗi, a taya. In an ce albarka, a ƙara kaɗan ko a yi godiya a wuce. Abin da ba ka da niyyar saye kada ka taya, domin in aka sallama maka ka ƙi biya, ka yi abin kunya.

Ciki ba a ba shi haƙuri

Warhaka yunwa ta fara magana. Kuna kusa da Jakara, wadda ta yi suna wajen gurasa, saboda haka ku fara da ita. Da garin alkama ko fulawa ake yin ta, a manna ƙullin a jikin tanderu mai zafi har ya gasu. Ana jingina asalinta ga Larabawan da suka zauna a birnin. Ku ce a yi muku bandashe: a yayyafa wa gurasar ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir da kokwamba. Tana da arha, tana riƙe ciki har yamma. In aljihu da nauyi, a haɗa da tsire.

Mutanen cikin birni gwanaye ne a abincin alkama. Akwai alkubus da funkaso da ake ci da miyar taushe, akwai alkaki da dubulan da aka fi gani a garar amarya. Alkaki yana daɗewa bai lalace ba, ya dace da tsarabar Inna ko Kaka. Wanda ya fi son abin da ya saba, ɗanwake da mai da yaji yana nan, waina da miya tana nan, fura da nono ma ba ta yankewa. Kilishi kuma a Agadasawa aka fi yabonsa. Ku sayi ɗan kaɗan ku kai wa Baba.

Ga sharuɗɗa uku da na koya bayan cikina ya taɓa hukunta ni. Ku ci abin da aka dafa ko aka gasa a gabanku, da zafinsa. Ku sayi abinci inda kuka ga mutanen unguwa sun yi layi, domin su suka san mai tsabta. Zoɓo da kunun aya kuma, in ba ku natsu da ruwan da aka yi su da shi ba, ku haƙura ku sha ruwan da kuka zo da shi. Kunun aya musamman ba ya jure zafi, in ya wuni a rana ya lalace.

Zango na uku: masallaci, fada da Gidan Makama

Ku yi sallar Azahar a babban masallacin Juma'a na cikin birni. Ginin da kuke gani yanzu an yi shi ne a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma tarihin masallacin yana komawa har zamanin Rumfa. A lokacinsa ne Shehu Almagili ya zo daga Arewacin Afirka, ya zauna a Kano, ya rubuta wa sarkin littafi kan yadda ake mulki bisa adalci.

Jikin masallacin kuma ga Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune a ciki sama da shekara 500. Gida ne da mutane ke rayuwa a ciki, saboda haka ba a kutsa kai. Ku zagaya ta Ƙofar Kudu ku ga ginin daga fili. In kun ga dogarai da jajayen riguna, ku gaishe su, ku tambayi inda aka yarda baƙo ya tsaya. Kada ku ɗaga waya ku hau ɗaukar hoto sai an ba ku izini.

'Yan taku kaɗan daga nan sai Gidan Makama. Shi ma ginin ƙarni na 15 ne, ana cewa a nan Rumfa ya zauna lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan, kuma akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi suna bayani. In lokacinku ya ƙure har ya zama wuri ɗaya kawai za ku iya gani a Kano, to ku zaɓi nan. Za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da kwalkwali da takubba, da kayan kiɗan fada, da hotunan sarakuna, da kwatancen ɗakin amaryar Bahaushe ta da, da jerenta. Ku ɗaga kai ku dubi rufin soraye, yadda magina suka tanƙwara azara suka yi bakan gizo da ƙasa, ba siminti ba rodi. Ku lura kuma da sanyin ɗakunan alhali waje rana na ƙuna.

A nan ne za ku ji labarin zuwan Turawa. A farkon watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka fasa ta Ƙofar Kabuga suka shiga birnin, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Bayan shekara takwas, a 1911, layin dogo ya iso Kano, a 1925 kuma jirgin sama ya fara sauka. Masu ɗaukar darasin Tarihi da Gwamnati da Hausa, ku shiga da littafi da biro. Abin da kuka haddace don WAEC da NECO, a nan za ku gan shi a fili, kuma abin da ido ya gani ba ya saurin ɓacewa a ɗakin jarrabawa.

Zango na huɗu: marinar Ƙofar Mata

Daga masallaci titi ne miƙaƙƙe zuwa Ƙofar Mata. A gefenta marina take, wadda allon ƙofarta ke ɗauke da shekarar 1498. Ramuka ne masu zurfi kamar ƙananan rijiyoyi, an dabe bakinsu. A ciki ake haɗa ruwa da baba da toka, a bar su kwanaki su jiƙa har ruwan ya nuna. Marini yana tsoma zane ya ɗago, ya tsoma ya ɗago. Ku kula da kyau: in zanen ya fito daga ruwa launinsa kore-kore ne, sai iska ta buge shi yake rikiɗa ya koma shuɗi. Masu karatun kimiyya, wannan aikin iskar da muke shaƙa ne a kan sinadarin baba, irin abin da malamin kemistiri ke zana muku a allo. Yawan tsomawa, yawan duhun launi. Mata a cikin gidaje su ke ƙulle zanen da zare kafin a rina, shi ke fitar da zanen da kuke gani. Kusa kuma akwai masu bugu, da ke jibgar tufa da manyan sanduna a kan gungume har ta yi sheƙi. Irin wannan baƙin yadi mai ƙyalli ne Buzaye ke naɗawa, kuma garin Kura ya yi suna a kansa.

Za ku ga ramuka da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su. Atamfa da shadda na kamfani da rinin zamani sun janye masu saye, matasa kuma ba su cika son gadon sana'ar ba. In kuna da hali ku sayi ko ɗan ƙyalle ne. In za ku ɗauki hoton mai aiki ku nemi izininsa, kuma ku ba shi ɗan abin goro, domin lokacinsa kuka ci.

Wanda zai kwana wajen 'yan uwa, washegari ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. Nan ne gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda jin harshen da ya yi. Mu da muke sanye da yunifom yau, ya kamata mu san inda abin ya faro.

Shawarwari kafin a ɗaura takalmi

Na farko, izinin iyaye. Kada wanda ya ce zai je Kazaure ya zarce Kano. Ku nuna musu wannan shafi, ku faɗi inda za ku da lokacin dawowa, kuma ku tafi da babba: yaya, ko kawu, ko malami. Abin da ya fi sauƙi shi ne ku haɗu ku goma ko sha biyar ku roƙi malamin Tarihi ko na Hausa ya nema muku izinin shugaban makaranta, a yi karo-karo a ɗauki shatar mota guda. Kuɗin yana raguwa, iyaye kuma sun fi natsuwa, musamman iyayen 'yan mata. Malamin ya tuntuɓi Gidan Makama tun kafin ranar, don a tabbatar a buɗe yake.

Na biyu, kuɗi. Kuɗin mota yana canzawa da farashin mai, saboda haka a je tasha a tambaya ana jibi tafiya. Ku kasa kuɗinku kashi huɗu: na mota, na adaidaita da shiga wurare, na abinci, na tsaraba. Kuɗin komawa gida a ware shi a wani aljihu dabam, kada a taɓa ko kilishi ya yi ƙamshi kamar me. Ku riƙe canji, don ba kowane mai rumfa ke karɓar tiransifa ba.

Na uku, adaidaita sahu. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, saboda haka ita ce abin hawa. Ku faɗi inda za ku, ku daidaita kuɗi kafin ku shiga. In kun cika ta ku kaɗai, ku tabbatar an yi maganar kuɗin duka ne ko na kowane mutum.

Na huɗu, waya. Ƙwacen waya gaskiya ne a Kano. Kada a riƙe ta a hannu a bakin titi ko a gefen adaidaita. A rubuta lambar mutum biyu na gida a takarda a sa a aljihu. In Allah Ya kiyaye aka tare ka da makami, ka miƙa, rai ya fi waya.

Na biyar, sutura da rana. Ku sa takalmin da ƙafa ta saba da shi, ku ɗauki ruwa da hula ko lema. Shiga ta mutunci, domin cikin unguwannin mutane za ku ratsa. Asabar ta fi dacewa. Ranar Juma'a wajen masallaci da fada yana cika maƙil. Lokacin sallah akwai hawan Daushe da na Nassarawa, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan, kuma turmutsutsun bai dace da baƙon da bai san gari ba.

Na shida, tambaya. In kun ɓata ku nemi dattijo mai rumfa ko mai shago, ku yi sallama, ku ce, "Baba, don Allah ina ne hanyar wuri kaza?" Da na yi haka tun farko, da ban wahalar da bawan Allah ɗan Ibadan ba. Da La'asar kuma ku kama hanyar tasha, don ku shiga gida kafin dare ya yi.

Aikin hutu

Ƙanwata ta Roni, ki ci gaba da riƙe burinki. Ki dage da karatu, domin akwai 'yan Najeriya da ke samun gurbin karatu a jami'o'in Turkiyya, ba abin mamaki ba ne wata rana ki zama cikinsu. Ranar da kika tsaya a kasuwar Santambul, wata 'yar ajinku za ta tambaye ki yadda tsofaffin biranen ƙasarku suke. Ina so a ranar ki ba ta labarin Kurmi da Dala da marina a matsayin wadda ta gani, kada ki tsaya gyaɗa kai irin nawa.

Sauran ku kuma ga aiki. Duk wanda ya je, ya rubuto mana shafi ɗaya kan abu guda da ya gani wanda ban ambata ba. Wanda bai samu zuwa ba, ya zauna da kakansa ko wani dattijo a garinsu ya tambaye shi yadda aka kafa garin da ma'anar sunansa, ya rubuto. Uku da suka fi kyau za su fito a wannan shafi da sunayen makarantunsu.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu juya akala arewa, mu je Daura mu leƙa rijiyar Kusugu. Ita ma a bakin ƙofarmu take. A yi hutu lafiya, a taya iyaye aiki, a gaishe mini da mutanen gida.

Naku,
Yayanku na 'Yankwashi